Yaron Da Ya Ƙoshi Da Magana A Gida Ba Ya Yunwa A Aji

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu malaman da ke koyarwa a ƙauyukan Hausawa na Jazira da Sinnar da Nil Azrak, wadda muke ganin lokaci ya yi da za mu baje ta a faifai a gaban iyaye. Duk sa'ad da aka ɗauki sababbin ɗalibai, akan kawo mana yara 'yan shekara 6 masu lafiya da kuzari, waɗanda a gida ba a iya kama bakinsu, amma da zarar sun zauna a aji ɗaya sai su yi tsit kamar ruwa ya ci su. Malami ya yi tambaya, yaro ya sunkuyar da kai. A nuna masa hoto a ce ya faɗi abin da ya gani, ya ambaci abu ɗaya ya tsaya. Kafin a ci rabin shekara an riga an yanke masa hukunci cewa daƙiƙi ne, kafin ya kai aji uku ko huɗu kuwa uban ya gaji, ya ce gara ya bi shi gona, ko ya kama karo ya riƙa ɗiban ruwa. Idan mace ce, sai a ɗora mata tallan gyaɗa.

Mu da muke tare da waɗannan yara kullum mun tabbata yawancinsu ƙwaƙwalwarsu garau take. Guzuri biyu ne suka gaza musu: isassun kalmomi da za su riƙe tunaninsu da su, da kuma sabon fuskantar matsala su warware ta da kansu. Wannan guzuri kuwa tsakanin shekara 3 zuwa 6 ake tara mafi yawansa, a tsakar gida ake tara shi, kuma ba ya cin ko fam ɗaya.

Rami biyu a gaban ɗanmu

Sanin kowa ne cewa hanyar hajji ce ta kawo kakanninmu wannan ƙasa. Wasu sun zo tun kafin Turawa, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai aka buƙaci hannuwa, mutanenmu suka yi ta zama a ƙauyuka da kambo-kambo a bakin tur'a. Faɗaɗa aikin zuwa Manaƙil da gina madatsar Rusairis a 1966 suka ƙara jawo wasu. Tun daga wancan zamani ɗan Bahaushe a nan yake tashi tsakanin harsuna.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, harsunan nan uku ne. Akwai Hausar gida, akwai Larabcin kasuwa da ake kira darijiya, akwai kuma Larabcin littafi, wato fus'ha. Alal misali, abin da uwa ta kira ruwa, maƙwabci zai ce moya, littafin aji ɗaya kuma ya ce ma'u. Ɗan maƙwabcinmu da ya tashi da darijiya rami ɗaya zai tsallaka ya isa ga littafi, namu kuwa biyu ne a gabansa. Ƙauyukan ma sun bambanta. Yaran da ke kusa da Wad Madani ko Hasahisa suna jin darijiya tun suna rarrafe, amma a kambon da ke can cikin gonaki yaro na iya kai shekara 6 bai taɓa yin doguwar hira da Larabci ba. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar wannan ƙasa take ɗaukar kalmomin Larabci tana sajewa da shi, abin da kowannenmu yake ji da kunnensa a bakin 'ya'yansa.

Maganin da ya fi ciwon illa

Ganin haka, wasu iyaye, da kyakkyawar niyya, sukan yanke shawarar daina yi wa yaro Hausa domin Larabci ya samu wurin zama. Idan uwa da uba sun ƙware a Larabci har suna iya ba da labari da barkwanci da shi, to, da sauƙi. Sai dai a gidaje da yawa Larabcin uwa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Saboda haka abin da yaro zai ji daga safe zuwa dare shi ne ta'al, amshi, askut, wato zo, tafi, yi shiru. An toshe masa rijiyar da ke da ruwa, an kai shi wadda ba ta kai ƙasa ba. Ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, Hausarsa gajera, Larabcinsa gajere.

Dalilin da ya sa wannan hanya ba ta ɓullewa a fili yake. Yaron da ya san ma'anar rabi da saura da nauyi da zurfi a Hausa, ranar da malama ta ce masa nus ko baƙi, sabuwar riga kawai zai sa wa abin da ya riga ya sani. Wanda bai san su a kowane harshe ba kuwa, aiki biyu ne a kansa lokaci guda, ya gane abin, ya kuma riƙe sunansa, alhali aji na tafiya ba ya jiran kowa. An gwada wannan a aikace. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife a Nijeriya ya fara wani gwaji inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara 6, ana koya musu Turanci a matsayin darasi guda. Da aka auna su, ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har a shi kansa Turancin, a darussa da dama ma sun fi su. Harsuna biyu ba sa rikita yaro, kuma ba sa jinkirta masa baki. Idan aka ga yaro ya kai shekara 3 ba ya haɗa kalmomi biyu ko uku, ko kuwa ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, a kai shi asibiti a duba kunnensa, domin ciwon kunne mai ruwa yana yawan hana yara ji sosai.

Shawararmu a taƙaice ita ce, kowa ya yi wa yaro magana da harshen da ya fi ƙoshi da shi, ya kuma yawaita. Larabci zai zo daga titi da rauda da abokan wasa, mu kuma mu taimaka masa ya haɗa biyun.

Yadda kalma take zama dabara

Mai karatu na iya tambaya, mene ne haɗin yawan kalmomi da iya warware matsala? Wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vigotski, wanda ya rasu a 1934, ya lura da wani abu da kowace uwa ta sani. Idan ƙaramin yaro yana fama da wani aiki mai wuya, kamar ƙera motar kara, sai ka ji yana magana shi kaɗai: wannan ya yi tsawo, bari in karya, a'a, in sa ƙaya tukuna. Da wannan maganar yake jan ragamar hannunsa. Yayin da ya girma sai maganar ta koma ciki, ta zama abin da muke kira tunani. Ashe ke nan yaron da ba shi da kalmar tukuna, ko idan, ko saboda, an rage masa kayan aikin tunani. Don haka in kun ji yaro yana surutu shi kaɗai a kan wasansa, kada a tsawata masa, kada kuma a ce iska ce ta taɓa shi. Aiki yake yi.

Bugu da ƙari, ba yawan abin da ya shiga kunne kaɗai ke gina harshe ba. A 2018 wasu masana a yankin Boston na Amurka sun naɗi maganganun da ake yi a gidajen yara 'yan shekara 4 zuwa 6, suka kuma auna ƙwarewar yaran. Sun gano cewa yawan musayar magana, wato babba ya faɗa yaro ya mayar, babba ya sake mayarwa, ya fi alaƙa da ƙarfin harshen yaro fiye da adadin kalmomin da aka zuba masa. Wannan ya isa amsa ga masu miƙa wa yaro waya ko su ajiye shi gaban talabijin da sunan yana koyon Larabci. Akwatin yana magana, amma ba ya jiran amsa.

Taskar da ke tsakar gida

Bari mu fara daga gindin murhu. Kafin dawa ta zama tuwo sai an yi sussuka, an yi shiƙa, an surfa, an bakace, an wanke, an niƙa, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa, an kwashe. Kalmomi 10 ke nan, kowace da aikinta, kuma a jere suke, ba a tankaɗe kafin niƙa. Uwar da take faɗin abin da take yi yayin da take yinsa, sannan ta juya ta ce, "To, Ladidi, mun surfa, sai me kuma?" ta koyar da kalma ta kuma koyar da tsari, ba tare da ta ajiye taɓarya ba. Haka yake ga mai yin kisra, da mai suyar ƙosai, da mai yanka naman agashe yana barbaɗa ƙuli da yaji.

Sai mu guji kalmar abu da abin nan, wadda ta zama mana ciwo. A maimakon "miƙo min abin nan", a ce "miƙo min ludayin da ke cikin ƙwaryar da ke bayan randa". A cikin wannan jumla ɗaya yaro ya ji sunaye 3 da kalmomin wuri 2, kuma dole ya yi tunani kafin ya miƙa hannu. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, sama da ƙasa, gaba da baya, kafin da bayan, ya fi da bai kai ba, daidai, rabi, saura, su ne ƙashin bayan duk wata tambayar lissafi da zai tarar a makaranta. Sau da yawa yaron da ya faɗi lissafi ya iya ƙirga sarai, kalmar saura ce ta kayar da shi.

Wani wasa mai daɗi da uba zai iya yi a kan hanyar gona shi ne wasan suna biyu. Uba ya nuna itace ya faɗi sunansa da Hausa, yaro ya nemo na Larabci, ko a juya. Tsamiya ita ce aradeb, kuka ita ce tabaldi, aduwa hijlij, magarya sidir, goruba dom. A gida kuma randa ita ce zir, rumfa rakuba, gado angareb, kuɓewa bamiya, zoɓo karkade. Yaron da ya saba da cewa kowane abu yana da suna biyu ba zai firgita ba ranar da littafi ya zo masa da na uku. Zai ma riƙa jin kansa mai arziki ne, ba mai ƙaranci ba, kuma wannan jin yana da muhimmanci ga ɗan da zai zauna a aji inda wasu za su yi wa harshensa dariya.

Ita kanta gonar makaranta ce. Ruwa yana fitowa daga babbar tur'a ya shiga ƙarama, daga nan ya shiga abu ishirin, ya gangara abu sitta, sannan ya isa hawasha. A bar yaro ya tona irin wannan a cikin ƙasa a tsakar gida, a ba shi ruwa a buta ya zuba. Ruwan zai tsaya a wani wuri ya ƙi ƙarasawa. Nan ne wurin darasi. Kada babba ya sa hannu ya gyara, ya tambaya kawai: me ya tsayar da shi? Ina ne tudu, ina ne gangare? In ka toshe nan, ina zai bi? Amma a kula, a tsakar gida za a yi wannan wasa da ruwa mai tsabta, domin ruwan tur'a shi ne matattarar tsargiya a Jazira.

Tatsuniya, kacici-kacici da dara

Kakanninmu ba su san sunan rauda ba, amma sun bar mana manhaja cikakkiya. Tatsuniya tana kawo wa yaro kalmomin da ba ya ji a hirar yau da kullum, irin su fada da dogari da kurmi da alkawari da haɗama. Ƙari ɗaya kawai muke roƙo a yi mata. Idan aka kai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, mai ba da labari ta dakata ta ce, "Kai da kai ne Gizo, yaya za ka yi?" A saurari amsar kowa, ko da ta ban dariya ce, a tambaye shi dalili. Washegari da dare kuma a ce yaro ya maimaita wa ƙanensa labarin. Wanda ya iya jera farko da tsakiya da ƙarshen tatsuniya, ya kama hanyar rubuta insha'i tun bai riƙe fensir ba.

Kacici-kacici kuwa horo ne na kwatanta abu da abu. In aka ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, sai yaro ya zagaya gida da idon zuciyarsa yana neman abu mai yawa da aka ɗaure wuri guda, har ya faɗa kan tsintsiya. Bayan ya ƙware a na gado, a sa shi ya ƙirƙiro nasa a kan abin da yake gani. Ana iya buɗe masa hanya da irin wannan: ina da ciki ba ni da hanji, ina gumi ba na aiki. Duk yaron da ya taɓa shafa jikin randa da rana zai gano.

Akwai kuma tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, ga jirginsa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta, in ya bar akuya da harawa, haka. Ga ɗan shekara 5 ko 6 kada a ba shi ita da baki kawai. A ja layi biyu a ƙasa a ce ga Nil Azrak, dutse ya zama kura, ƙwallon goruba akuya, kara kuma harawa, murfin kwano ya zama jirgi. Zai haye da akuya da farko, daga nan ya cije. A bar shi ya cije. In ya daɗe, a ba shi ɗan haske kaɗan: shin jirgin nan dole ne ya komo ba kowa? Ranar da ya gano da kansa cewa ana iya dawowa da akuya, kuma sai an haye sau 7 kafin a gama, ya koyi darasin da zai yi masa amfani har tsufa, cewa wani lokaci sai an koma baya ake samun hanyar gaba.

Dara, da 'yar'uwarta sija da maƙwabtanmu suke yi, suna koya wa yaro ya hango abin da abokin wasansa zai yi kafin ya motsa. Ta manya mai gurbi 30 ta yi wa ɗan rauda yawa, sai a tona masa gurbi 9, kowa da tsakuwa 3, wanda ya fara jera nasa a layi ya ci. Carafke na koya wa 'yan mata ƙirga da bibbiyu da uku-uku. Rabon dabino 7 tsakanin yara 3 ma lissafi ne, har da shari'a a ciki, domin sai an san yadda za a yi da ɗayan da ya rage. A duk waɗannan, tambayoyi uku sun ishi babba: me ya faru, me za mu gwada, in bai yi ba fa? Sannan ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya buɗe baki ya ba da amsa.

Tsakanin kunya da tambaya

A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da kawaici, kuma ba ma fatan ranar da za mu rabu da su. Uwa ba ta sakewa da ɗan fari, ba ta ma kiran sunansa. Uba yana da kwarjinin da ba a zama a yi ta hira da shi. Yaro mai yawan tambaya akan ce ya cika kaudi ko iyayi. To, amma yaron da aka saba yi masa tsawa duk sa'ad da ya ce "don me", zai kai wannan shirun har cikin aji, ya ɗauka ladabi ne. Ya kamata mu raba tsakanin tsoma baki a maganar manya, wanda rashin kunya ne, da tambayar neman sani, wadda Hausawa da kansu suka ce mai yin ta ba ya ɓata.

Al'adar da ta sa kunya tsakanin uwa da ɗan fari ita ce kuma ta buɗe ƙofar wasa tsakanin jika da kaka. Kakar da ke tsokanar jikanta tana ce masa "Maigidana, yau ma ba ka kawo kuɗin cefane ba?" shi kuma yana neman amsar da zai kare kansa, tana yi masa irin musayar nan da masana suka auna da na'ura. Goggo da inna da yayye mata masu goyo duk malamai ne. Gidan da ke da tsohuwa yana da rauda, sai dai in ba a ba ta yaran ba.

Ga malaman halwa da na rauda

Tun taron tsara manufofin ilimi na 1990 aka sanya shekara 2 na share fage kafin aji ɗaya, daga shekara 4 zuwa 6, a rauda ko a halwa. Sai dai yawancin raudoji na kuɗi ne, kuma a ƙauyukanmu da kambo-kambo halwa ce ta fi kusa da talaka. Halwa tana da alherin da ba a musunsa: tana horar da hadda, tana koya zama da haƙuri, tana saba wa kunne da fus'ha, tana sa hannu ya san baƙi a kan allo. Roƙonmu ga alarammomi shi ne su ƙara ɗan lokaci kaɗan na ma'ana. Yaro ya san cewa fil giwa ce, tin ɓaure ne, shams rana, lail dare, ankabut kuma gizo-gizo. Ko kalma 2 aka ba shi a yini, a shekara ya tara ɗaruruwa, kuma karatun zai ƙara zauna masa.

Su kuma raudoji, da yawansu sun zama ƙaramin aji ɗaya. Ana jera yara a benci suna rera haruffa da lambobi, ana ba ɗan shekara 4 aikin gida, a ƙarshen shekara a yi bikin yaye da riguna da huluna wanda ke cin kuɗin iyaye fiye da littattafai. Alhali kuwa Bajamushen nan Firobel, wanda ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, lambun yara ya kira ta, kalmar rauda ma ma'anarta ke nan. A lambu kuwa shuka ake yi ana ban ruwa, ba a jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. Muna ba da shawara, duk raudar da ke garin Hausawa ta samu malama ko mataimakiya mai jin Hausa. In yaro ya amsa da Hausa a karɓa, a yaba masa, sannan a maimaita masa amsar da Larabci ya faɗa. Kayan aiki kuwa ga laka, ga kara, ga ƙwallayen dabino da marafan kwalba. Cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda, da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, an ajiye ta a karkara ne da gangan domin ilimi ya dace da rayuwar ɗan ƙauye, kuma wannan manufa ba ta tsufa ba.

Abin da yaƙi bai ƙwace ba

Ba za mu rufe ba tare da ambaton halin da yaranmu suka shiga ba. Rikicin da ya auku a Nil Azrak a 2022 ya raba dubban iyalanmu da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe makarantun ƙasar nan, ya isa Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Makarantu da yawa suka zama masaukin 'yan gudun hijira, jama'a suka watsu zuwa Gadarif da Kasala da wasu wurare. Yaran da ya kamata su yi shekarunsu na rauda a wannan tsakani, a kan hanya suka yi su. Wasu sun ga abin da ya ɗaure musu harshe. Irin waɗannan sun fi kowa bukatar a zauna da su, a ba su laka su ƙera abin da suke so, a bar su su ba da labari da bakinsu, a koya musu sunan abin da suke ji a rai, tsoro ne ko kewa ko fushi, domin yaron da ya iya cewa "tsoro nake ji" ya fi sauƙin lallashi a kan wanda sai dai ya yi ta kuka ko duka.

Gyaran gine-gine da biyan malamai aikin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da neman haƙƙinmu a wurinta. Amma shekarun yaro ba sa jiran hukuma. Shehu Babikir Badri a cikin gidansa ya fara makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, da 'ya'yansa da na maƙwabta, nan bakin wannan kogi namu. Kowace unguwa tana da rumfa, tana da tsohuwa mai tatsuniya, tana da budurwar da ta yi sakandare tana zaune. In aka haɗa waɗannan uku, aka tara yara 10 ko 15 na awa 2 kowace safiya, an yi rauda. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin mata su ne ya kamata su ɗauki wannan nauyi, mu kuma malamai a shirye muke mu zauna da duk mai son a nuna masa yadda zai tsara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye maza da mata, a daren yau bayan sallar isha'i, a ajiye waya, a kira yaran nan a ce musu ga ta nan ga ta nanku, in an kai tsakiya kuma a dakata a ji ta bakinsu. Allah ya raya mana zuriyarmu, ya buɗa ƙwaƙwalwarsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.